Yadda ake shirya fostar bincike don gasar ɗalibai a taron malaman ilimin halittu

Na daɗe ina raka ɗalibai zuwa irin wannan gasa, wani lokaci a matsayin malamin da ya duba aikinsu, wani lokaci kuma ina cikin masu yawo da takardar ba da maki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in ga ɗalibi ya yi wata shida yana bincike mai kyau, sannan ya kwashe rahotonsa kaf ya zuba a kan takarda ɗaya da ƙananan haruffa, mutane suna wucewa ba mai tsayawa. Alƙali yana da fostoci da yawa a gabansa, wato manyan takardun da ɗalibai ke kafewa a allo don nuna bincikensu, mintuna kaɗan ne rabonka. Duk abin da zan faɗa a nan a kan waɗannan mintuna ya ginu.

Manyan ƙungiyoyin malamai suna ware wa ɗalibai fili a tarukansu na shekara-shekara. Ƙungiyar malaman ilimin halittu ta Amurka, NABT, wadda aka kafa a 1938, misali ce. A irin waɗannan taruka ana karɓar aiki iri biyu: binciken halittu kansu, da binciken yadda ake koyar da darasin. Ka san tun farko a wane ɓangare aikinka ya faɗa, domin tambayoyin alƙalan sun bambanta.

Kayan da za ka tanada

- Takardar ƙa'idojin gasar, a buge, da takardar ba da maki idan masu taron sun fitar da ita.
- Alƙaluman bincikenka na asali, yadda ka rubuta su a littafin ɗakin gwaji ko a Excel.
- Hotunanka na asali, kai tsaye daga kyamara. Wanda ya bi ta WhatsApp ya riga ya rage ƙarfi.
- Kwamfuta mai PowerPoint. In babu, LibreOffice Impress, Inkscape da Scribus duk kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba.
- Farar takarda da fensir don zanen farko.
- Bututun kwali ko na roba na ɗaukar fosta, ƙusoshin allo, salatif, almakashi, baƙin biro da filashi.
- Mutum biyu masu gaya maka gaskiya: ɗaya wanda ya san fannin, ɗaya wanda bai san shi ba.

Mataki na 1: Karanta ƙa'idoji kafin ka taɓa kwamfuta

Abu huɗu za ka nema: girman allon da za a ba ka, a tsaye ake so ko a kwance, ranar rufe karɓar taƙaitaccen bayani, da sharaɗin wanda ya cancanci shiga. Wasu gasannin suna raba ɗaliban digiri na farko da masu digiri na gaba, wasu suna so sunan ɗalibi ya zama na farko a jerin marubuta, kuma shi zai tsaya da kansa ya yi bayani.

Girman da aka fi amfani da shi a yawancin ƙasashe shi ne A0, wato milimita 841 da 1189, ko A1, milimita 594 da 841. A Amurka an fi ganin inci 36 da 48. Na taɓa ganin ɗaliba ta zo da fosta a kwance alhali allon a tsaye yake. Gefen aikinta ya rufe na maƙwabcinta, dole ta naɗe sashen sakamako ta baya. Karatun minti biyar da ya hana wannan.

Idan bincikenka a kan ɗalibai ka yi shi, misali ka gwada wata hanyar koyarwa a aji, to mutane ka yi bincike a kansu. Sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka, kuma tun kafin a fara tattara bayanai ake neman sa. Alƙalai suna tambaya. Kada sunan ɗalibi ko fuskarsa su fito a fosta ba tare da yardarsa a rubuce ba.

Mataki na 2: Fitar da saƙonka a jimla ɗaya

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ka gano a jimla ɗaya wadda ba ta wuce kalmomi 20 ba. "Na yi nazarin tasirin gishiri a kan tsirowar iri" bai isa ba, domin ya faɗi abin da ka yi ne kawai. "Yawan gishiri a ruwa ya jinkirta tsirowar iri, amma bai hana ta ba" shi ne saƙo, domin mai karatu ya tafi da wani abu a kansa.

Idan jimlar ta ƙi fitowa, alama ce ba ka gama fahimtar sakamakonka ba tukuna. Koma wurin malamin da ke duba aikinka, ku zauna da alƙaluman. Idan kuma jimla uku suka fito, zaɓi mafi ƙarfi, sauran biyun ka ajiye su a baki don masu tambaya. Na san yana da ciwo mutum ya bar aikin da ya sha wahala a kansa, amma fosta mai saƙo uku yawanci ba a tuna ko ɗaya daga ciki.

Kada ka ji kunyar sakamakon da bai nuna bambanci ba. Idan sabuwar hanyar koyarwa ba ta fi tsohuwa ba, wannan ma ilimi ne, kuma malaman da ke zauren suna son su sani kafin su ɓata zango guda suna gwada ta.

Mataki na 3: Rubuta taƙaitaccen bayani

Da shi ake tantance wanda za a karɓa. Bi adadin kalmomin da aka ƙayyade daidai. Jimla ɗaya ko biyu kan matsalar, ɗaya kan tambayarka, biyu kan yadda ka yi, biyu kan abin da ka samu da alƙalumansa, ɗaya kan amfaninsa. Guji rubuta "za a tattauna sakamakon a wurin taro". In ba ka gama ba, faɗi abin da ka samu zuwa yanzu, ka bayyana cewa na farko-farko ne.

Mataki na 4: Gyara zanen alƙaluma da hotuna

A nan ake cin gasa, a nan kuma ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da zane ɗaya wanda shi kaɗai zai iya tabbatar da jimlarka ta mataki na 2. Shi zai fi kowane girma. Kowane gefe na zanen ya zo da sunansa da ma'auninsa: kwanaki, santimita, kashi cikin ɗari. A samansa rubuta abin da yake nunawa, kamar "Tsirowa ta ragu yayin da gishiri ya ƙaru", maimakon "Zane na 1" kurum. Dogon jadawali mai cike da lambobi ba ya karantuwa daga nesa. Mai da shi zane, ka riƙe jadawalin a hannu.

Ƙananan sandunan da ake ɗorawa a kan ginshiƙan zane don nuna bazuwar sakamako suna da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai masu nuna yadda awon ya warwatsu, waɗanda ake taƙaitawa da SD. Akwai masu nuna yadda za a amince da matsakaicin, wato SE, wanda ake samu idan an raba SD da tushen murabba'in adadin samfur. Saboda haka SE kullum ya fi SD ƙanƙanta idan samfur ya wuce ɗaya. Rubuta a ƙarƙashin zanen wanne ka yi amfani da shi, da adadin samfur ɗinka. Tambaya ce da kusan kowane alƙali ke yi, kuma ɗalibin da ya yi shiru a nan ya zubar da maki a banza.

Ga wani tarko da nake yawan gani. Ɗalibi ya zuba iri 50 a farantin gwaji ɗaya mai gishiri, wasu 50 a faranti ɗaya marar gishiri, sai ya rubuta cewa ya maimaita gwajin sau 50. A gaskiya sau ɗaya ya yi, domin duk irin da ke faranti ɗaya abu ɗaya ya same su: in farantin yana kusa da taga ko ya fi bushewa, dukkansu abin ya shafa. Faranti biyar masu iri 10 kowanne sun fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Haka yake a binciken koyarwa: aji ɗaya da sabuwar hanya, aji ɗaya da tsohuwa, malamai daban, lokutan darasi daban. Idan abin da ka iya samu ke nan, ba laifi, amma ka faɗa da bakinka a sashen iyakokin bincike kafin a faɗa maka.

Masu gwajin kafin darasi da bayan darasi su san lissafin da Richard Hake ya yi amfani da shi a 1998 a kan ɗaliban fiziks, wanda ya yaɗu zuwa sauran fannoni. Ana cire makin farko daga na ƙarshe, a raba da abin da ya rage wa ɗalibi ya kai 100 tun farko. Ajin da ya tashi daga 40 zuwa 70 ya ƙaru da 30 cikin 60 da suka rage masa, wato 0.5. Ajin da ya tashi daga 70 zuwa 85 ya ƙaru da 15 kacal, amma cikin 30, shi ma 0.5. Amfaninsa ke nan: yana ba ka damar kwatanta azuzuwan da ba daga wuri ɗaya suka fara ba.

Game da hotuna: duk hoton da aka ɗauka ta madubin hangen ƙwayoyin halitta yana buƙatar ɗan layin ma'auni a jikinsa. Rubuta "an ƙara girma sau 400" ba ya aiki a fosta, domin da zarar ka ja hoton ya faɗaɗa lissafin ya tashi, shi kuwa layin ma'auni tare da hoton yake girma. Don kada hoto ya fashe, yana buƙatar aƙalla ɗigo, wato fiksel, 150 a kowane inci a girman da za a buga shi. Hoto mai faɗin santimita 20 yana buƙatar fiksel wajen 1,200 a faɗinsa. Idan ka ɗauko hoton wani, tabbatar an yarda a yi amfani da shi, ka sa sunan mai shi a ƙasa.

Kada ka bambanta rukuni biyu da ja da kore kawai. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar rarrabe waɗannan launuka, kuma matsalar tana nan a sauran al'ummomi. Shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Ƙara da bambancin siffa, wannan da'ira, wancan murabba'i, ta yadda ko a baƙi da fari aka buga za a gane.

Sunan kimiyya na halitta yana da dokarsa tun tsarin suna biyu da Carl Linnaeus ya kafa a ƙarni na 18: a karkace ake rubuta shi, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami, kamar *Zea mays* ko *Escherichia coli*. A zauren da ya cika da malaman ilimin halittu, kuskure a nan ba ya ɓoyuwa.

Mataki na 5: Zana tsarin a takarda, sannan a kwamfuta

Da fensir, raba takardar gida uku ko huɗu a tsaye. Take a sama, tare da sunayen marubuta da makaranta. Gabatarwa da tambaya a hagu, sakamako a tsakiya inda ido ke fara sauka, ma'anar sakamako da iyakokinsa a dama. Manazarta da godiya su sauka can ƙasa da ƙaramin rubutu.

A kwamfuta, abu na farko shi ne ka saita girman shafin ya zama daidai da girman fostar. In ka bari sai ƙarshe, komai zai hargitse. PowerPoint ba ya wuce inci 56 a kowane gefe. Idan allonka ya fi haka, tsara a rabin girma, ka gaya wa mai bugawa ya ninka sau biyu, kai ma ka raba girman haruffanka biyu.

Ma'aunin girman haruffa da nake ba ɗalibaina a A0: take lamba 85 zuwa sama, kanun sassa 40 zuwa 48, jikin rubutu kada ya gaza 24, kuma na fi son 28. Salon haruffa biyu sun isa. Baƙin rubutu a kan farin fili ya fi komai sauƙin karatu. Hoton ganye ko na ƙwayar halitta a bayan rubutu yana da kyau a allon kwamfuta, amma a takarda wahalar da ido yake yi. Duka rubutun ya tsaya tsakanin kalmomi 400 zuwa 800. Hanyar gudanar da bincike ta fi fitowa a zane mai kibiyoyi fiye da sakin layi. Bar fili fari tsakanin sassa, kada ka ga gurbi ka ce sai ka cike shi.

Akwai wani salo da wani mai bincike mai suna Mike Morrison ya yaɗa a 2019, inda ake rubuta babban sakamako da manyan haruffa a tsakiyar fosta, sauran bayani a gefe, da alamar QR mai kai mutum ga cikakken aikin. Darasin da ke ciki mai kyau ne. Sai dai a gasa ka duba takardar ba da maki tukuna: idan an ware maki ga gabatarwa, hanya, sakamako da tattaunawa, kowanne ya fito da kansa a fili don alƙali ya same shi ba tare da lalube ba. Ni nakan haɗa biyun: take mai faɗin sakamako, sassan gargajiya a ƙarƙashinsa.

Mataki na 6: Gwaji kafin bugawa

Mai da aikin PDF, domin haruffa ba sa sauyawa a wata kwamfutar. Buga shi a A4. Tunda A4 kashi ɗaya cikin huɗu ne na A0 a kowane gefe, rubutu lamba 24 zai koma 6. Idan ka iya karanta shi a hannunka ba tare da ka matso da shi fuska ba, babbar fostar za ta karantu daga taku biyu. Sannan buɗe PDF ɗin a cikakken girmansa a kwamfuta, ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai wanda ya fashe.

Miƙa wa mutumin nan da bai san fannin ba, ka ba shi minti ɗaya, ka karɓe, ka tambaye shi me aka gano. Idan amsarsa ta yi kusa da jimlarka ta mataki na 2, ka yi nasara. In ba haka ba, gyara fostar. Gardama da shi ba za ta amfane ka ba. Wanda ya san fannin kuma ya bi lambobi: shin abin da ke zane ya dace da abin da ke rubutu? Duk wanda sunansa ke kan fostar sai ya gani ya amince kafin a buga.

Mataki na 7: Bugawa da ɗauka

Kai wa mai bugawa mako guda kafin tafiya. Nemi ya fara buga ɗan yanki ka ga launin, domin launin allo da na tawada ba sa zuwa ɗaya. Shuɗi mai haske yakan dushe. Takarda marar sheƙi ta fi, mai sheƙi tana mayar da hasken fitilun zaure cikin idon mai karatu. Fostar yadi tana naɗuwa cikin jaka, ta dace da mai doguwar tafiya.

In babu babbar na'urar bugawa, ba a fasa ba. A4 guda 16 ne suke yin A0 ɗaya, guda 8 kuma A1. Adobe Acrobat Reader yana iya yanka shafin gida-gida ka haɗa da salatif ta baya. Abin da ya fi wannan tsabta shi ne ka tsara kowane sashe a takardarsa ta A3 ko A4, ka manna a kwali mai launi ɗaya, ka jera a allo da lambobi. Na ga irin wannan ta doke fostoci masu tsada, saboda binciken da ke ciki da bakin mai shi.

Idan jirgi za ka hau, bututun ya kasance a hannunka. Ajiye PDF a filashi da kuma imel.

Mataki na 8: Shirya bakinka

Shirya bayani kashi biyu: na daƙiƙa 30 don mai wucewa, da na minti 3 don alƙali. Tsarin ɗaya ne: ga matsalar, ga abin da na yi, ga abin da na samu, ga amfaninsa. Kada ka haddace kalma bayan kalma, domin da an katse ka za ka ɓace. Kada kuma ka juya wa mutum baya kana karanta masa abin da yake iya karantawa da kansa. Tsaya a gefe, nuna zanen da hannu, dubi mai sauraro.

Tambayoyin da za ka shirya musu tun daga gida: Me ya sa ka zaɓi wannan hanya? Ina rukunin da ba a yi wa komai ba, wanda ka kwatanta da shi? Wane ɓangare ka yi da hannunka, wanne malaminka ya yi? Da za ka sake, me za ka canza? Tunda taron malamai ne, akwai wadda ba ta taɓa rasa zuwa: ta yaya zan yi amfani da wannan a ajina, da kayan da nake da su? Ɗalibin da ya iya cewa ga yadda za a yi gwajin cikin darasi biyu da kofunan roba da auduga, ya sami zuciyar zauren.

Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka gwada wannan ba, sannan ka faɗi yadda za a iya gwada shi. Alƙalai suna gane ƙirƙirarriyar amsa nan take, kuma daga nan sai su fara shakkar sauran abin da ka faɗa.

Mataki na 9: Ranar gasa

Je da wuri ka nemo lambar allonka. Fara kafa kusurwoyin sama biyu, ka ja baya ka ga ko ta miƙe, sannan na ƙasa. In ka hango kuskuren harafi, gyara shi da baƙin biro a tsanake ko ka manna ƴar takarda a kai. Ba wanda zai rage maka maki kan haka. Rataye kwafin A4 kaɗan a gefe ga mai son tafiya da shi.

Kada ka bar wurinka a lokacin da aka ware, ko da zauren ya yi shiru. Wasu alƙalan ba sa gabatar da kansu, don haka duk wanda ya tsaya ka ba shi cikakken hankalinka. Idan kana cikin bayani wani ya iso, yi masa alama da kai ka ɗan buɗe masa wuri, ka ci gaba. Riƙe ƙaramin littafi ka rubuta kowace tambaya da ta ba ka wuya da sunan wanda ya yi ta, in ya yarda. Bayan an tashi, tambayi masu shirya gasar ko suna mayar wa ɗalibai takardun maki. Da yawa suna yi idan an nema. Sauke fostarka a lokacin da aka ce, domin abin da aka bari a allo yakan tafi da masu shara.